Sa Hannun Umma

Litinin, bayan la'asar

Lauyar ta ce sai ta ga Umma ita kaɗai. A ɗaki, ƙofa a rufe, ni ina waje kan benci.

Na ce mata, "Barista, uwata ce fa. Ta haura saba'in, ni nake kai ta ko'ina." Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, ta ce haka ƙa'idar aikinta take. Idan dattijo zai sayar da gidan da yake zaune a ciki, sai ta zauna da shi ba 'ya'ya a kusa, ta tabbatar ya san abin da yake sa wa hannu, kuma ba tura shi aka yi ba. Ta ce, "Ba zarginki nake yi ba, 'yar'uwa. Ko uwata ce haka zan yi." Na yi murmushi na ce ai gaskiya ne. Da na shiga mota na ɗaga gilashi na zage ta tas.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyawa. Gidan Umma bene ne. Sunanta ne a takardar mallaka, da albashin koyarwa ta gina shi tun kafin Baba ya rasu. Watan jiya ta faɗo daga matakala. Kafin wannan akwai maganar tukunya da gas, wadda ba zan rubuta ba. An sami wani ƙaramin gida jikin katangarmu, ba bene, ƙofarsa tana kallon tagar kicin ɗina. Mai shi ya yarda ya jira mu zuwa ƙarshen wata, daga nan ya ba wani. Ba mu da halin sayensa sai an sayar da benen. An kuma sami masu sayen benen, wani likitan haƙori da matarsa mai tsohon ciki. An yi bincike a ofishin filaye, mai awo ya zo ya auna, bankinsu ya amince, sun ba da kafin alƙalami. Abu ɗaya ya rage, sa hannun Umma.

Umma lafiyarta ƙalau. Gajiya ce kawai take damunta da yamma.

Talata, da rana, a kantin magani

Yaya ya kira daga can garin da yake zaune ina tsakiyar jera kaya a kanta. Shi komai a waya mai sauƙi ne. Wai me zai hana Umma ta ba ni takardar wakilci in sa hannu a madadinta? Na ce, "Yaya, ka ɗauka ban tambaya ba? Ita ma takardar wakilcin sai Umma ta sa mata hannu, a gaban lauyar nan, ita kaɗai." Sai ya sauke murya ya ce to akwai kotu.

Na san akwai kotu. Lauyar ma ta faɗa jiya, a hankali, tana kallon tebur. A kai Umma wurin likita ya rubuta abin da zai rubuta, a kai takardar gaban alƙali, ita ma a kai ta a yi mata tambayoyi, sannan a naɗa wani cikinmu ya riƙa sa mata hannu har ƙarshen ranta. Wata nawa za a ɗauka, oho. Ƙaramin gidan dai ya tafi ke nan.

Amma ba gidan ne ya tsaya min a wuya ba. Umma ta yi shekara talatin tana shugabar makarantar firamare. Har yau in mun shiga kasuwa, ƙattin maza masu furfura rusunawa suke yi su ce, "Malama, ina wuni." Ita za a tsayar gaban wani yaro mai baƙar riga, wanda wataƙila ita ta koya masa riƙe fensir, ya tambaye ta yau wace rana ce? Ina raye? Na ce wa Yaya in ya sake ambata min kotu zan toshe lambarsa. Ya ce, "Ke dai da zafin kai, Tsiwa." Tun ina yarinya haka suke kirana a gida, ban kuma ga ranar dainawa ba.

Wani mutum ya zo sayen maganin babansa, ƙaramin farin kwalin nan na masu ciwon mantuwa da ke can saman kanta. Na yi masa bayanin yadda ake sha ban ko duba takarda ba. Ya ce, "Kin san shi sosai." Na ce aikina ne, na miƙa masa leda.

Laraba, da hantsi

Kada wani ya ce cutarta nake yi. Umma da bakinta ta ce a sayar. A gadon asibiti, ƙafarta a naɗe, ta riƙe hannuna ta ce, "Benen nan ya fi ƙarfina, ku nemo min ƙasa kusa da ke." Nas tana tsaye, Yaya yana kan waya yana ji.

Sai dai da muka dawo gida na tuna mata, kallona ta yi kamar na mare ta. "Wane gidan? Gidana? Wa ya ce?" Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta kulle ɗaki. Washegari ta tashi garau tana yi min tsiya wai na cika gishiri. Bayan 'yan kwanaki na sake gwadawa. Kukan nan dai, sabo fil, kamar ba a taɓa yinsa ba. Ba zan yi na uku ba. Wallahi ba zan iya ba.

Mu dama a gidanmu ba a gaya wa Umma abu, ita take gaya maka. Ko maganar aurena zagaye na yi ta yi da ita, har ta ɗauka ita ta zaɓo min Baban yara.

Alhamis, da yamma

Ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga aiki. Na ce tukuna.

Juma'a, da safe

Ikon Allah! Dillalin da ke sayar mana da benen ya manta takardar tallan wasu gidaje a kan teburin falon Umma. Da na iso yau na tarar Umma ta sa tabarau, jan biro a hannu, ta yi wa takardar kaca-kaca. Ta ɗago ta ce, "Wanda ya rubuta wannan a aji nawa ya gudu?" Daga nan ta kama karanto min wani darasi na 'yan aji uku da ka, tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe ko ɗaya. Matar da jiya ta sa takalminta a firji.

Na tsaya ina kallonta, sai abin ya faɗo min. Duk abin da ya shigo mata ta ƙofar makaranta yana zama. Wanda ya shigo ta bakina ne yake zubewa.

A kanti, lokacin da ba kowa, na yagi takarda na rubuta ɗan darasi. Na sa masa suna "Gidana". Ni ce mai gida mai lamba kaza a titi kaza. Ni na gina shi. Yanzu na manyanta, hawa bene yana ba ni wuya. Na yanke shawarar sayar da shi ga wani likitan haƙori, in koma kusa da 'yata. Na san in na sa hannu gidan ya bar hannuna. Ba wanda ya tilasta ni. A ƙasa na jera tambayoyi, irin waɗanda na san lauya za ta yi.

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na karanta sau biyu don in tabbatar.

Juma'a, bayan la'asar

Na ce mata wata ƙawata ce take koyar da manya a ajin yamma, tana roƙon Malama ta duba mata. Fuskar Umma ta buɗe. Ta gyara zama, ta ƙara waƙafi biyu, ta soke kalma ɗaya, ta ce ba laifi amma ya yi gajere. Can ta ɗaga takardar kusa da ido ta ce, "Lambar gidan nan irin tamu ce."

Na ce ai daga nan aka ara.

Ta ce, "Malalata. Ko lamba ba za su iya ƙirƙira ba."

Asabar, da azahar

Yanzu ni ce ɗalibar. Ta zaunar da ni kan ƙaramar kujera, ta sa na karanta da ƙarfi, ta ce ina cinye ƙarshen kalmomi. Ta yi min tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, in na yi jinkiri sai ta amsa da kanta tana buga biro a tebur. "Wa ya tilasta ta? Ba wanda ya tilasta ni! A cikakkiyar jimla ake amsawa, Tsiwa, sau nawa zan faɗa?"

Rabon da in ga Umma haka tun bara. Ta ci abinci har da ƙari. Abin da ya fi ci min rai ke nan, daɗin da take ji.

Baban yara ya zo ɗaukata, ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare har muka gama. A mota bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Wannan abin da kike yi, in lauyar ta tambaye ki sunansa, me za ki ce mata?"

Na ce, "Sunansa kula da uwata. Kai taka uwar tana gane ka, shi ya sa bakinka yake da ƙarfi."

Ya ci gaba da tuƙi. Da ma ya tanka, da na sami inda zan sauke.

Lahadi, da yamma

Ta haddace. Har da wurin da ake jan numfashi.

Litinin, da rana

Dillali ya kira sau uku. Wai mai ƙaramin gidan ya ce wani ya zo masa da magana mai nauyi, mutuncin maƙwabtaka ne kawai ya riƙe shi. Wai kuma amincewar bankin likitan tana da wa'adi, in ya wuce sai a sake komai daga farko. Yana magana yana tauna wani abu. Na ce, "Malam, haɗiye tukuna, ina jiranka."

Na kira ofishin lauya na samo Alhamis, ƙarfe goma na safe. Na nanata wa sakataren cewa safe nake so, Umma ba ta son zafin rana. Ya ce ya rubuta.

Da safe Umma Umma ce. Wani lokaci har zuwa sha ɗaya.

Talata, bayan la'asar

Matar likitan ta zo auna tagogi don ɗinkin labule. Ta kira tun jiya, ni ce na manta ban ce mata ta zo da safe ba. Yarinya ce mai hankali, cikin ya yi mata nauyi, tana hawa matakala tana riƙe ƙugu.

Umma ta karɓe ta da fara'a, ta sa na kawo mata ruwa, ta yi mata faɗan tsayuwa da yawa. Sai da ta ga tef ɗin awo a jikin tagar ɗakinta ta ce, "Me ake aunawa?"

Na yi caraf na ce, "Labule za a canza, Umma."

"Wa ya ce na gaji da nawa?"

"Ni ce na ga sun koɗe."

Ta ce in ji da koɗewar gidana. Yarinyar ta naɗe tef ɗinta a hankali, ba ta auna sauran ba. A ƙasan bene ta tsaya tana neman takalmi da ƙafa, ba ta kalle ni ba ta ce, "Anti, don Allah kada ki ji haushi. Mama ta san mu ne za mu shigo?"

Na ce ta sani mana.

Ta ce wani abokin mijinta ya sayi gida wurin wani tsoho, bayan shekara dangi suka kai ƙara cewa tsohon bai san abin da ya sa wa hannu ba, kotu ta warware cinikin, aka fitar da su da kayansu. Ta ce sun riga sun sanar da mai gidan hayarsu za su tashi. Ta dafa cikinta ta ce, "Ba mu da wani wurin, Anti."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Har bakin titi na raka ta, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba.

Laraba, da hantsi

Sun mayar da mu ƙarfe huɗu na yamma. Huɗu! Wai Barista tana da zama a kotu da safe.

Na ɗaga murya a kanti har mai kantin ya leƙo daga ciki. Sakataren ya ce in huɗu bai yi min ba sai wani satin. Wani satin wata ya ƙare. Ya ce, "Hajiya, ai sanyin yamma ya fi wa tsofaffi." Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai sa a hana ni shiga ofishin.

Ba komai. Ta haddace. Ko daga barci aka tashe ta za ta kawo shi.

Alhamis, da safe

Yau ta tashi tas. Ta tambayi yara da sunayensu, ta tuna min ban biya mai gyaran famfo ba. Ina taje mata kai ta kamo hannuna ta baya ta ce, "Kin rame, Tsiwa. Me yake cin ki?"

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Sai na ce aiki ne.

Alhamis, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

A mota na ce mata za mu je wurin shugabar ajin manyan ne, tana son jin darasin daga bakin Malama. Ta gyara ɗaurin ɗankwali. Lauyar ta fito da kanta ta kama hannunta, suka shiga, ƙofa ta rufu. Na zauna kan benci. Fankar sama tana ƙara, sakataren yana buga wani abu da yatsa biyu. Ta jikin ƙofa ina jiyo muryar Umma, irin ta gaban aji, tana hawa tana sauka daidai inda muka saba. Na ce a raina mun haye.

Sai muryar ta tsaya. Aka daɗe. Lauyar ta buɗe ƙofa ta ce in shigo.

Takardun suna kan tebur, biro a gefe da murfinsa. Umma tana zaune ƙafa kan ƙafa, ranta fes. Lauyar ta zauna kusa da ita, ba a bayan tebur ba, ta ce, "Mama, don Allah maimaita wa 'yarki abin da kika gaya min da na tambaye ki ko ke kina son a sayar."

Umma ta yi dariya ta ce, "Na ce mata ni ina ruwana? Ai ba ni ba ce, matar cikin darasin ce. Ni gidana yana nan." Ta juyo gare ni. "Amma na gaya mata gaskiya, Tsiwa, darasin nan yana da rauni. Matar nan tausayi take ba ni. Tun daga sama har ƙasa ba jimla ɗaya da ta faɗi abin da ke ranta. Mutum ya gina gida da hannunsa, a ce zai bar shi, ko 'na ji zafi' babu? Wanda ya rubuta bai zauna da ita ba. Ki gaya wa ƙawarki ta koma ta tambaye ta."

Ban san me fuskata ta yi ba. Na ji dai na ce, "To, Umma."

Sakataren ya kai Umma mota. Lauyar ta rufe ƙofa. Na shirya ta wanke ni, na ma fi son haka. Sai ta tura min kwalin tishu. Ta ce ba za ta iya shaida wannan sa hannun ba, kuma da ta shaida, ni da masu sayen ne za mu kwana a ciki wata rana. Ta ce doka ba ta neman mutum ya zama garau kullum. Abin da take nema shi ne a lokacin da ya ɗauki biro ya san gidansa ne, ya san sayarwa yake yi, ya san abin da zai biyo baya. Ta rubuta min lambarta ta hannu. "In kin sami safiyar da take nan, ki gaya mata gaskiya da bakinki, sannan ki kira ni. Zan zo har gida da mai shaida. Amma ita nake son samu, ba hadda ba."

A hanya Umma ta tambaya ko ta yi ƙoƙari. Na ce sosai.

Juma'a, da rana

Ban je kanti ba.

Asabar, da yamma

Yaya ya kira na ƙi ɗauka. Likitan haƙorin ya kira na ɗauka, na ce masa an sami ɗan jinkiri. Ya ce wane iri? Na ce na takardu. Ina jin matarsa a gefe tana cewa ya tambaye ni kaza, shi kuma yana ce mata ta bari.

Baban yara bai ce "na gaya miki" ba. Ya wanke kwanuka, ya kai yara gidan ƙanwarsa. Na fi jin haushin hakan.

Umma ta nemi darasin. Na ce ƙawata ta karɓi abinta.

Lahadi, da azahar

Safiya ta zo, Umma tana nan, na sani, na ji ta tana gyara wa mai karanta labarai magana a rediyo. Na tsaya a ƙofar ɗakinta da kofin shayi har ya huce. Na sauko na sake ɗora wani.

Matsoraciya. Duk bakin nan nawa, matsoraciya ce ni.

Litinin, da hantsi

Ina rubutawa ne muna jiran lauya.

Da na iso na same ta zaune a saman matakala tana kallon ƙasa. Ta ce, "Tsiwa, jiya na nemi banɗaki a gidan nan na rasa. Gidan da ni na nuna wa magina inda za su sa shi."

Na hau na zauna a matakalar da ke ƙasa da tata, na ba ta baya don kada in ga fuskarta. Na faɗi komai. Faɗuwar, tukunyar, abin da ta ce a asibiti, ƙaramin gidan, likitan da matarsa. Na ce, "Matar cikin darasin ke ce, Umma. Ni na rubuta."

Ina jiran kukan.

Ta ce, "Sau nawa kika gaya min?"

"Wannan na uku."

"Na yi kuka?"

"Kin yi."

"To yau ba ni da lokacinsa. Kira ta."

Na kira. Lauyar ta ce tana can ƙarshen gari, za ta ɗauko mai shaida ta taho yanzu. Umma ta sa na taimaka mata ta sauko falo. Ta ce in kawo jan bironta, sai kuma ta ce a'a, baƙi ake sa hannu da shi. Ta zagaya falon da ido, bango bayan bango, ta ce, "Da zafi, Tsiwa. Ki sa wannan a darasinki."

Can ta ce, "In ta iso ba ta same ni ba fa?"

Na ce za mu jira wata safiyar.

"Kada ki yi min wayo. In safiyar ba ta zo ba?"

Na gaya mata maganar likita da kotu da alƙali. Ina faɗa ina kuka, ina cewa ba zan bari ba, ba wanda zai tsayar da ita ya tambaye ta ranar mako. Ta daka min tsawa irin ta da.

"Ke wa ya ba ki wannan hukuncin? Alƙalin ba haihuwarsa aka yi ba? In ya tambaye ni ban sani ba, in ce ban sani ba. Shekara talatin abin da nake koya wa yara ke nan. Ke kuma kika ɗauke ni kika kai ni satar amsa." Ta ja numfashi. "Ki kai ni kotun. Kuma ki goge min shuɗiyar rigata ta zuwa taro, ba zan tsaya gaban mutane a yamutse ba."

Yanzu tana riƙe da wuyan hannuna na hagu, da ƙarfi, har farcenta yana shiga. Tana maimaitawa a hankali, "Gidana ne. Ni zan sayar." Lauyar ta turo saƙo, wata babbar mota ta faɗi a kan gada, suna cikin cunkoso.

Ya Allah. Ya Allah, ka buɗe hanyar nan.

Litinin, bayan la'asar

Ban ga lokacin da ya faru ba. Ina kallon ƙofa ne, sai na ji hannuna ya yi sauƙi. Ta sake ni, tana kakkaɓe wani abu daga zaninta. Ta ce, "Wa muke jira?"

Lauyar ta shigo da gudu-gudu, gumi har wuya, jaka a hammata, mai shaida a bayanta. Umma ta miƙe ta tarbe ta da hannu biyu ta ce, "Maraba, maraba. Ɗanki a aji nawa yake?"

Lauyar ta kalle ni. Na girgiza kai. Ta zauna duk da haka, ta sha ruwa, ta ce ɗanta yana aji biyu kuma ba ya son lissafi. Umma ta ba ta shawara mai kyau.

A bakin ƙofa na ce, "Barista, rubuta min sunan likitan da kotu take karɓar takardarsa." Ta ce in ina so mu ƙara gwada wata safiyar. Na ce in safiyar ta zo muna so, amma a fara maganar kotun. Na ce ba ni na yanke ba, Umma ce.

Na kira mai ƙaramin gidan na ce ya ba wanda ya samu, mun gode da haƙuri. Na kira likitan haƙori na gaya masa gaskiya tun daga farko, na ce in za su janye kafin alƙalaminsu yana nan. Ya ce za su yi shawara, Allah ya ba Mama lafiya. Na kira Yaya. Ya fara cewa ai dama, na ce, "Yaya, don girman Allah," ya bar maganar. Baban yara ya ce zai kwashe kayan ɗakin baƙi yau, a sauko da gadon Umma gidanmu kafin a ga abin da kotu za ta ce.

Rigar tana can ƙasan akwati, tana warin kafur. Na shimfiɗa bargo a tebur na jona dutsen guga. Umma ta zo ta tsaya a kaina, hannu a baya, tana duba aikin.

Ta ce, "Wa zai je taro?"

Na ce, "Ke, Umma."

Ta ce, "To ki bi wuyan a hankali. Kullum nan kike ƙonawa."